Sayen Motar Hannu A Birtaniya: Yadda Za Ka Biya Inshora Da Haraji Ta Wayarka Kafin Ka Tayar Da Ita

Matasanmu da ke tafiya Birtaniya karatu ko aikin jinya da kula da tsofaffi sai ƙaruwa suke yi, kuma da yawansu da zarar sun ɗan zauna da gindinsu, abu na farko da suke tara wa kuɗi shi ne mota. Ba abin mamaki ba ne. Tikitin jirgin ƙasa akwai tsada, aikin dare ba ya jiran bas, ga sanyi. Motar hannu kuwa tana nan birjik a Auto Trader da Gumtree da Facebook Marketplace, wata ma kuɗinta bai kai na sabuwar wayar iPhone ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da za a ɗauko motar. A gida mun saba ka biya kuɗi, ka karɓi makulli da takardu, ka kama hanya, maganar canjin suna kuma sai an samu sarari. A Birtaniya wannan ɗabi'ar za ta iya jawo maka tara, da maki a lasisi, har ma a ƙwace motar tun ba ka isa gida da ita ba. Dokarsu ba ta ware wa sabon mai mota ko da awa ɗaya ta sassauci ba. Daga lokacin da tayar motar ta hau titin gwamnati, dole ne ya kasance akwai inshora da ta rufe ka, kuma an biya haraji da sunanka.

Abin daɗin shi ne duk wannan ana gama shi ta waya, kana tsaye a ƙofar gidan wanda ya sayar maka. Bari mu bi abin daki-daki.

Takarda ta tafi, rumbun bayanai ya maye gurbinta

Tun daga 1921 masu mota a Birtaniya ke manna wata 'yar zagayayyiyar takarda a gilashin gaba, shaidar sun biya haraji. Ranar 1 ga Oktoba 2014 aka soke ta. Tare da sokewar aka kawo wani canji da har yau yake kama mutane: haraji ya daina bin mota idan an sayar da ita. A da, idan mai mota ya biya na shekara ya sayar bayan wata huɗu, sauran wata takwas ɗin na mai saye ne. Yanzu da zarar an sanar da hukumar DVLA cewa mota ta canja hannu, harajin ya mutu, a mayar wa tsohon mai motar kuɗin cikakkun watannin da suka rage. Saboda haka duk tallan da ka ga an rubuta cewa motar tana da haraji har watan Disamba, wannan Disambar ba taka ba ce.

To idan babu takarda a gilashi, ta yaya ake gane wanda bai biya ba? A nan fasaha ta shigo. Akwai manyan rumbunan bayanai guda uku. Na farko yana hannun DVLA da ke birnin Swansea, shi ke riƙe da sunan mai kula da kowace mota da matsayin harajinta. Na biyu na hukumar DVSA ne, yana ɗauke da sakamakon gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT. Na uku shi ne rumbun inshora da hukumar MIB ke kula da shi, wanda kowane kamfanin inshora ke zuba bayanan motocin da ya rufe a ciki.

Duk wanda ya taɓa haɗa ƙaramar manhaja mai teburan bayanai zai gane tsarin nan take. Teburi uku ne daban-daban, amma lambar mota ce makullin da ke haɗa su. Ka ba da lamba ɗaya, amsa uku su fito. Kyamarorin da ake kira ANPR, waɗanda ke kan manyan tituna da jikin motocin 'yan sanda da na DVLA, aikinsu ke nan: su ɗauki hoton lamba, manhaja ta mayar da hoton rubutu, a tambayi rumbunan, amsa ta dawo cikin ƙiftawar ido. Ɗan sandan da ke bayanka ya riga ya san matsayin motarka tun kafin ya kunna maka fitila.

DVLA da DVSA sun buɗe wa masu haɗa manhaja ƙofar da muke kira API, wato hanyar da manhaja ke tambayar uwar garken wata hukuma bayani kai tsaye. Shi ya sa idan ka rubuta lambar mota a shafin kwatanta farashin inshora, sai ka ga ya faɗa maka ƙirarta da launinta da girman injinta ba tare da ka rubuta ba. Ko a Najeriya akwai makamancin rumbu na uku, wato NIID na ƙungiyar kamfanonin inshora, inda ake duba ko takardar inshorar mota ta gaskiya ce. Bambancin shi ne a Birtaniya an ɗaure rumbunan da kyamarori, ana kuma gwama su da juna ko da motar tana ajiye.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Rabin aikin ranar saye a daren jiya ake yin sa. Ka nemi mai motar ya turo maka lambarta, sannan ka zauna da wayarka.

Fara da shafin gwamnati na GOV.UK. Akwai wurin duba haraji da MOT kyauta. Zai nuna maka ranar da MOT zai ƙare, shekarar da aka fara yi wa motar rajista, launinta, da yawan hayaƙin da take fitarwa. Idan tallan ya ce baƙa ce shafin ya ce fara, ka san akwai tambayar da za ka yi. Maganar MOT tana da muhimmanci domin ba za ka iya biyan haraji ba idan ya ƙare. A Ingila da Wales da Scotland, mota na fara buƙatar MOT ne idan ta cika shekara uku, daga nan kuma duk shekara. Mafi yawan abin da gareji zai caje ka na gwajin ƙaramar mota shi ne fam 54.85.

Sai shafin tarihin MOT, shi ma kyauta. Wannan ya fi kowane daɗin bakin mai sayarwa amfani. Za ka ga nisan tafiyar da aka rubuta wa motar kowace shekara, da abin da ya taɓa kayar da ita a gwaji, da gargaɗin da makanike ya rubuta. Motar da ta nuna mil 110,000 shekaru biyu da suka wuce, yau kuma mitarta na nuna 80,000, an taɓa mitar. Idan ka ga ana ta maimaita gargaɗin tsatsa a ƙarƙashinta shekara bayan shekara, ka tuna gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe.

Abu na uku na kuɗi ne, amma ba masu yawa ba: binciken tarihin mota irin na HPI da makamantansa. Shi zai gaya maka ko akwai bashin kamfanin lamuni a kan motar, ko an taɓa kai rahoton sace ta, ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa ta lalace fiye da a gyara. Mutane da yawa a can da bashi suke sayen mota, kuma motar da ba a gama biya ba tana iya jefa ka rigima da kamfanin da ya ba da bashin.

Idan a Landan kake ko za ka riƙa shiga, ka duba lambar a shafin TfL. Tun Agustan 2023 yankin ULEZ ya mamaye dukkan gundumomin birnin, kuma motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da aka tuƙa ta a ciki. Galibi motocin dizal da suka girmi ƙarshen 2015 ne ke faɗawa wannan tarkon. Birmingham da Bristol su ma suna da nasu yankin.

Na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci, ka nemi farashin inshora kafin ka yi alkawarin saye. Ga matashi ɗan ƙasa da shekara 25, ko baƙon da ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar, ba abin mamaki ba ne inshorar shekara ta fi kuɗin motar kanta. Shafuka irin su Compare the Market da Confused.com da MoneySuperMarket za su ba ka farashi da lambar motar kawai. Gara ka ji zafin farashin kana kan gadonka da ka ji shi bayan kuɗinka sun fita.

Ka kuma duba lasisinka. Mai lasisin Najeriya yana iya tuƙa ƙaramar mota na wata 12 daga lokacin da ya fara zama a Birtaniya. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasisinsu kai tsaye, don haka kafin watannin su ƙare sai ka nemi lasisin koyo, ka ci jarrabawar kwamfuta da ta tuƙi. Idan wa'adin ya wuce ka ci gaba da tuƙi da lasisin gida, laifi ne, kuma inshorarka ma tana cikin haɗari.

A gaban mai motar

Takardar da za ka nema ita ce V5C, jar takardar rajista. A jikinta an rubuta ƙarara cewa ita ba shaidar mallaka ba ce, tana nuna wanda ke kula da motar ne kawai. Don haka ka sa a rubuta maka rasit mai ɗauke da kwanan wata, lokaci, kuɗin da ka biya, lambar mota da sa hannunku ku biyu. Rubuta lokacin yana da amfani idan daga baya takardar tarar gudu ko ta fakin ta ranar ta biyo ka alhali da safe aka yi laifin.

Ka gwama sunan da adireshin da ke V5C da inda kake tsaye. Ka ɗaga takardar sama ka ga tambarin ruwa na DVL a cikinta. Sannan ka duba lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 da ake kira VIN, wadda galibi ake gani a ƙasan gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba, ka tabbatar ta yi daidai da ta takarda.

Wani abin da ake mantawa: ko ɗan zagayen gwaji da za ka yi da motar yana buƙatar inshora. Inshorar mai motar ba ta rufe ka don kawai yana zaune a gefenka. A wajen dila yawanci suna da tasu ta gwaji, amma a gidan mutum sai ka sayi ta awa ɗaya, ko ka bar shi ya tuƙa kana saurare.

Idan ciniki ya faɗa, akwai ɗan koren yanki a cikin V5C da ake kira V5C/2, na sabon mai mota. Wannan shi ne naka. A jikinsa akwai lamba mai alƙaluma 12, da ita za ka biya haraji. Shi kuma mai sayarwa zai shiga GOV.UK da lamba mai alƙaluma 11 da ke gaban takardar ya sanar da DVLA ya sayar maka. Ka roƙe shi ya yi a gabanka, ya sa imel ɗinka don kai ma saƙon tabbaci ya shigo maka. Idan ta intanet aka yi, sabuwar V5C mai sunanka takan iso cikin kamar mako guda, ta gidan waya kuwa tana iya kai mako huɗu.

Idan mutum ya ce maka takardar ta ɓata amma ka ɗauki motar za a aiko daga baya, shawarata ka haƙura da motar. Ba tare da koren yankin ba ba za ka iya biyan haraji a ranar ba. Sai ka cike fom V62, ka biya fam 25, ka jira makonni, motar kuma ba ta da ikon hawa titi a tsawon lokacin.

Inshora ce farko

Doka ta 1988 kan zirga-zirgar hanya ta wajabta mafi ƙarancin inshora, wato wadda ke biyan mutumin da ka yi wa ɓarna ko rauni. Sama da ita akwai wadda ta ƙara da gobara da sata, sai cikakkiya wadda ke gyara har taka motar. Kada ka ɗauka mafi ƙarancin ce ta fi araha. Sau da yawa cikakkiyar kan fito da sauƙi, domin kamfanoni na kallon masu zaɓen mafi ƙarancin a matsayin waɗanda suka fi yin haɗari. Ka duba farashin dukkansu.

Hanya biyu ce a gabanka ranar saye. Ta farko, ka sayi ta shekara ka sa ta fara aiki a ranar, har da sa'ar da kake so. Ta biyu, ka sayi ta wucin gadi a manhajoji irin su Cuvva, Tempcover, Veygo ko Dayinsure, waɗanda ke sayar da inshora daga awa ɗaya zuwa kusan wata guda. Amfanin ta biyun shi ne tana ba ka damar kai motar gida, kuma inshorar shekara da aka nema makonni kaɗan kafin ranar farawarta yawanci ta fi wadda aka nema a ranar sauƙi. Sai dai wasu daga cikin waɗannan manhajojin ba sa karɓar lasisin ƙasashen waje, don haka ka sauke manhajar ka gwada tun a gida. Idan a wajen dila ka saya, ka tambaye shi ko yana ba da inshorar 'yan kwanaki ta ɗaukar mota, amma ka ga takardar da idonka.

Wajen cike fom, gaskiya ita ce za ta cece ka. Akwai tambayar me za ka riƙa yi da motar. Yawo da cefane aji ɗaya ne, zuwa wurin aiki guda ɗaya wani aji ne. Mai aikin kula da tsofaffi da ke zagaya gidaje daban-daban a rana yana buƙatar ajin kasuwanci. Mai kai abinci ko kaya a Uber Eats, Deliveroo ko Amazon Flex kuwa sai ya sayi inshorar ɗaukar kaya don kuɗi, wadda daban take. Idan ɗan sanda ya tsayar da kai da jakar abinci a kujerar baya da inshorar yawo, a idon doka ba ka da inshora.

Haka kuma kada ka yarda da dabarar sa sunan wani babba a matsayin babban direba alhali kai ne mai tuƙa motar kullum. Suna ɗaukar wannan a matsayin zamba, kuma ranar da aka yi haɗari kamfani zai iya soke inshorar, ya bi ka kuɗin da ya biya wanda aka yi wa ɓarna. Idan tsada ta yi yawa, ka duba inshorar da ake sa wa mota 'yar na'ura ko manhajar waya mai auna gudunka da birkinka da lokutan da kake fita. Tana rage wa matasa farashi, amma mai aikin dare ya karanta sharuɗɗanta, domin wasu na rage maki kan tuƙin dare.

Akwai kuma masu cewa ai inshorar tsohuwar motata ta ba ni damar tuƙa wasu motoci. Wannan damar, inda ma take, ta motar wani ce, ba ta motar da ka mallaka ba. Idan kana da inshora a kan wata motar, ka shiga manhajar kamfanin ko ka kira su su mayar da ita kan sabuwar.

Sai haraji

Da zarar saƙon inshora ya shigo, buɗe shafin biyan harajin mota a GOV.UK. Zaɓi cewa kana da koren yankin sabon mai mota, sa lambar motar da alƙaluma 12 ɗin nan, ka biya. Bai fi minti biyar ba, kuma shafin yana aiki dare da rana har Asabar da Lahadi. Idan sabis ya ƙi, DVLA na da layin waya mai amsa kansa, ko ka je gidan waya da ke harkar harajin mota. A Ireland ta Arewa, idan a gidan waya za ka biya sai ka nuna takardar inshora.

Nawa za ka biya? Ya danganta da ranar da aka fara yi wa motar rajista. Wadda aka yi wa daga 1 ga Afrilu 2017 tana biyan kuɗi bai ɗaya, wanda a shekarar da ta fara daga Afrilun 2025 ya kama fam 195. Wadda ke tsakanin Maris 2001 da Maris 2017 kuwa gwargwadon hayaƙinta ne, daga fam 20 ga mafi tsafta har sama da fam 700 ga manyan masu shan mai. Motocin lantarki da a da ba sa biya, su ma sun shiga sahu daga Afrilun 2025. Ana sabunta farashin duk Afrilu, shafin zai nuna maka na lokacin.

Akwai ƙarin haraji da ke kama masu son manyan motoci. Motar fetur ko dizal da farashinta ya haura fam 40,000 lokacin tana sabuwa tana biyan ƙari na shekara biyar, daga shekararta ta biyu, kuma a shekarar 2025 ƙarin ya kai fam 425. Ba ruwansu da nawa ka saye ta a hannu. Mercedes ko BMW 'yar shekara huɗu da ka samu da sauƙi tana iya zuwa da wannan kaya a kanta.

Kana iya biyan na shekara gaba ɗaya, ko na wata shida, ko ka bari a riƙa cira daga asusun bankinka duk wata. Biyan wata-wata yana da ƙarin kashi 5 cikin ɗari, wato fam 195 ya koma 204.75. Ka kuma sani harajin daga ranar 1 ga wata yake farawa. Wanda ya sayi mota ranar 29 ya biya kuɗin watan gaba ɗaya. Idan ba gaggawa kake ba, jiran kwana biyu zuwa sabon wata ya rage maka kuɗin wata guda.

Me ya sa shafin ke cewa ban biya ba?

Wannan na tayar wa mutane hankali. Ka biya komai, ka koma shafin dubawa, ya nuna maka ja. Dalilin na fasaha ne. Kamfanin inshora ya rubuta ka a nasa rumbun nan take, amma turawa zuwa babban rumbun MIB ba lallai a lokacin ake yi ba. Wasu kan tara bayanai su tura a dunƙule, abin da kan ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako guda. Shafin DVLA ma yakan yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu na aiki. A wajen doka, abin dubawa shi ne lokacin da inshorarka ta fara aiki da lokacin da ka biya harajin.

Amma kyamarar ANPR abin da ke rumbu take gani, don haka ana iya tsayar da kai a waɗannan kwanakin. Ka sauke takardar inshorar ta PDF cikin wayarka yadda za ta buɗe ko babu data, ka ɗauki hoton shafin tabbacin haraji, ka tabbatar akwai caji. 'Yan sanda na iya tuntuɓar MIB ko kamfanin su tabbatar. Bayan 'yan kwanaki ka shiga shafin da aka fi sani da askMID, inda ake duba motar kai kyauta. Idan mako ya wuce ba ta fito ba, ka duba takardar da kyau. Harafin O a madadin sifiri, ko lamba ɗaya da ta juye, ya isa ya sa rumbu ya ƙi gane motarka.

Abin da ganganci ke jawowa

Tuƙi ba inshora tararsa ta nan take fam 300 ce da maki 6 a lasisi. Idan abin ya kai kotu, tarar ba ta da iyaka kuma ana iya hana ka tuƙi. 'Yan sanda na da ikon ƙwace motar a wurin, idan ba ka karɓo ta a kan lokaci ba a sayar ko a murƙushe ta. Ga wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba, maki 6 na nufin an soke lasisin, sai ya koma farko. Kuma shekaru bayan nan duk kamfanin inshorar da ka je zai tambaye ka wannan laifin ya ƙara maka kuɗi.

Rashin haraji kuwa yana jawo wasiƙar tarar fam 80, ana iya garƙame tayar motar da ƙarfe ko janwe ya ɗauke ta, a kotu kuma tarar na iya kai fam 1,000 ko ninki biyar na harajin, duk wanda ya fi yawa.

Tun 2011 akwai dokar da ta ce mota ko tana ajiye sai da inshora. Kwamfutocin DVLA da na MIB na gwama bayanansu, duk motar da ba ta da inshora a aika wa mai ita gargaɗi, sannan tarar fam 100. Wannan ya shafi wanda ya sayi inshorar kwana ɗaya ya kai mota gida ya manta. Idan da gaske ajiye ta za ka yi, sai ka yi sanarwar da ake kira SORN, wadda kyauta ce, motar kuma ta zauna a gareji ko harabar gida, ba a bakin titi ba. SORN na tsohon mai mota ba ya bin ka, sai ka yi naka.

Hattara da 'yan damfarar waya

Akwai dillalan bogi da ke tallan inshora mai rahusa a Instagram, TikTok, Snapchat da zaurukan WhatsApp, kuma matasa da sababbin zuwa su ne abin harinsu. Wani zai ƙirƙiro maka takardar bogi. Wani zai sayi ta gaskiya da ƙaryar shekaru da adireshi don farashi ya sauka. Wani kuma zai saya da bayananka, ka gan ta a askMID hankalinka ya kwanta, bayan kwanaki ya soke ya karɓe kuɗin. A duk ukun, kai ne za a kama da laifin tuƙi ba inshora. Araha ba ta ado. Dillalin gaskiya yana cikin rajistar hukumar FCA wadda kowa ke iya dubawa a intanet, kuma ba zai ce ka tura kuɗi asusun wani mutum ba. Ko da a zauren 'yan gida aka ba ka lambarsa, ka kira kamfanin inshorar da kanka ka ji ko sunanka da shekarunka da adireshinka daidai suke.

Sai saƙonnin tes da imel da ke cewa daga DVLA suke, wai biyan harajinka bai shiga ba ko kana bin su kuɗi, ka latsa linki. DVLA ta sha gargaɗin cewa ba ta neman bayanan banki ta irin wannan hanyar. Akwai kuma shafukan da ke sayen talla su fito a saman sakamakon bincike, su caje ka kuɗin aikin da gwamnati ke yi kyauta. Ka rubuta gov.uk da hannunka. Kuma duk murnar sabuwar mota, kada ka ɗora hoton V5C a sitatus, domin lambobin jikinta na iya amfanar ɓarayi.

Jerin aikin ranar

Daren jiya: duba MOT da tarihinsa, binciken bashi da sata, farashin inshora, wa'adin lasisinka. A wurin saye: gwama V5C da VIN, karɓi rasit da koren yanki, mai sayarwa ya sanar da DVLA a gabanka. Kafin ka murɗa makulli: inshora, sannan haraji, sannan ka adana shaidar duka biyun a waya. Bayan mako guda: duba askMID da shafin DVLA, ka kuma sa ido kan isowar sabuwar V5C.

Ka tafi da waya mai cikakken caji, katin banki mai kuɗin da ya wuce na motar kaɗai, da lasisinka. Idan kana da ɗan'uwa ko aboki a can da ke shirin sayen motarsa ta farko, ka tura masa wannan kafin ranar.